Faransancin Waya

Shafi na 31

Masu cika min waya da "Anti ina ci gaban", ga shi nan. Masu cewa na cika girman kai kuma, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku nuna min inda ya kamata in ajiye kan.

*

Washegarin ranar da baƙuwarmu ta zo ta tarar da ƙofa a kulle, ko jakata ban ajiye ba aka ce Darakta na nemana.

Yaya ne ya tare ni a bakin ɗakin inji. Shi ke tuƙa babban injin buga littattafai na maɗaba'ar, shi ne kuma ya yi ta sintiri ofishin Darakta har aka ɗauke ni aikin tafinta. Yana goge tawadar hannunsa da tsumma, idonsa ja, da gani bai samu barci ba.

"Auta, tsaya."

"Ana jirana, Yaya."

"Shi ya sa na ce ki tsaya. Duk abin da aka ce miki a ciki, ki ce to."

"Ko an ce ni na kulle ƙofar?"

"Ko an ce ke kika ƙera kwaɗon."

Ban yi dariya ba. Shi ma ba don dariyar ya faɗa ba.

"Umma ta ce in gaya miki ki haɗiye."

"Tun da na shigo gidan nan nake haɗiya. Ka ce wa Umma cikin ya cika."

"Auta."

"Na ji."

Waɗanda suka shigo mana a tsakiya, ga inda aka kwana. Wata dattijuwa ce mai kamfanin littattafan yara a Kanada take neman maɗaba'ar da za ta riƙa buga mata littattafan da take aikawa makarantu a Senigal da Kamaru da Kwango da Haiti. Aiki ne wanda in muka same shi, injin Yaya ba zai sake yin sanyi ba. Ta turo saƙon murya a wayar ofis ta ce za ta zo ta ga wurinmu da idonta ranar Talata, après le dîner. Na saurara da kyau, na ce wa Darakta bayan abincin rana take nufi, mu sa ran ganinta da azahar.

Sai Mushe ya fashe da dariya a gaban kowa.

Mushe ɗan yayar Darakta ne. Ya ɗan zauna a Paris, ya dawo da gyale a wuya wanda ko rana na dukan kwano ba ya cirewa. Ya ce daga yau kowa ya kira shi Monsieur. Ma'aikatan ɗakin inji suka gwada, bakinsu ya ba da Mushe, suka ga sunan ya zauna daram, suka bar masa. Har yau a zatonsa girmamawa ce. Ni kuma shi ya laƙaba min Madam Alo, saboda kafin in zo nan a cibiyar amsa kiran waya na yi aiki.

Ya ce dîner abincin dare ne, ɗan aji ɗaya ma ya sani. Darakta ya bi maganarsa. Aka sallami ma'aikata da hantsi su je su huta su dawo da magariba, aka aike ni can ƙarshen gari ɗauko kujerun haya, Darakta ya tafi aski. Matar ta zo da azahar, ta tarar da kwaɗo, ta juya. Mu kuma muka dawo muka jera kujeru da lemo muna jiran wadda tuni ta zo ta tafi.

Na ƙwanƙwasa na shiga.

Darakta na bayan teburinsa mai gilashi, ya yi tagumi da hannu ɗaya, askin jiya yana ta sheƙi. Mushe na kujerar baƙi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kujerar da ta rage an tula mata samfuran kalanda. Ba wanda ya ce in sauke, na tsaya.

"Ina kwana, Yallaɓai."

"Lafiya. Kin ga abin da ya faru jiya."

"Na gani."

"Kin san abin da zai iya ja mana."

"Na sani."

"To laifin wa?"

Na dubi Mushe. Yana gyara gyalensa.

"Yallaɓai, a nan na tsaya na ce azahar."

"Kawu, ka ga irinta ko," in ji Mushe. "Ba wanda ya ce ba ta yi magana ba. Magana ai kullum cikin yinta take. Amma aikin tafinta ne in akwai shakka ya kira ya tabbatar. Ta kira?"

"Da wace waya? Ba kai ka ce daga yanzu duk maganar matar ta hannunka za ta bi ba? Wayar ofis a aljihunka ta wuni."

"Sai ki tambaya."

"Na tambaya. Ka ce in je in ji da kujeru."

Ya ɗaga kai yana kallon silin.

"Ni dai abin da na sani, Faransanci ɗaya ne, na Faransa. A Paris in ka ce dîner, dare ne. Je ki tambayi kowa."

"A Paris haka ne, ban taɓa musa maka ba. Matar daga Paris ta ce maka ta zo?"

"Wannan ita ta shafa. In mutum zai yi yaren mutane, ya yi shi daidai."

"Wato ita ce ba ta iya ba."

"Na ce ya yi shi daidai."

Haushi ya taso min. Na tuna Yaya, na tuna Umma, na danne. Ya sake tasowa.

"Yallaɓai, ka ba ni izini in yi bayani."

Darakta ya ɗaga hannu, irin ɗagawar nan da ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Na ɗauke ta e.

"Wurin da yake min gori da shi ɗin nan, daga safe zuwa yamma abin sauraro na maƙale a kunnena, ina amsa kiran mutanen ƙasashe daban-daban da intanet ɗinsu ya ɗauke. Ba mai kira don ya gaishe ka. An zage ni da Faransancin Beljiyam. An zage ni da na Suwizalan, a hankali, cikin ladabi. Wani ɗan Kanada ya yi ta jero min sunayen kayan coci ina ta ce masa na gode, sai daga baya aka gaya min a wurinsu ashar ke nan. Na yi magana da 'yan Kwango da 'yan Senigal da 'yan Kwaddibuwa, da wata 'yar Madagaska da take kira ko ba abin da ya lalace, don dai ta samu abokin hira. Kowa da nasa bakin. A Kanada da Beljiyam da Suwizalan, dîner da rana ake cinsa, na dare souper suke ce masa. Duk sabon ma'aikaci a wurin sai an ja masa kunne: in ɗan Beljiyam ya ce ka kira shi bayan dîner, kada ka bari la'asar ta yi."

"Ka ji ko, Kawu. Zagi ta koyo. Digirin zagi."

"Digirina na Faransanci ne, kuma ba a kujerar baya na zauna na yi shi ba. Kai bakin gari ɗaya ka ji. Garin ma da kake taƙama da shi, Kinshasa ta ƙasar Kwango ta fi shi mutane."

"Yawa ba shi ne iyawa ba, Madam Alo. Faransancin kasuwa, Faransancin tasha, Faransancin waya. Ki tara su duka, ba su kai gaisuwar mai sayar da burodi a Paris ba."

"To littattafan da muke roƙo a ba mu bugawa, 'ya'yan mai burodin ne za su karanta? Yaran da ka kira 'yan tasha ne za su karanta. Ba don su ba, da ba ka ga matar nan a ƙofarmu ba." Na ɗan tsaya. "Au, na manta. Ba ka gan ta ba."

Mushe ya sauke ƙafarsa ya miƙe.

"Ya isa," in ji Darakta. Bai ɗaga murya ba. "Je ka duba min ɗakin taro. A kunna fanka, a sa ruwa mai sanyi."

"Kawu, ai masinja yana..."

"Kai na aika."

Ya fita, turarensa ya tsaya.

Darakta ya daɗe yana juya biro a kan gilashin tebur. Sannan ya tashi da kansa ya sauke kalandun daga kujerar.

"Zauna, 'yata."

Da yarinya ya ce, da na san faɗa ne. Da na ji 'yata, na san abin da ke tafe ya fi faɗa muni. Na ɗosana a bakin kujerar.

"Na san kin faɗa."

Na ɗago kai.

"Azahar kika ce. Kin faɗa a nan, kin biyo ni har mota kin sake faɗa. Ban manta ba, ban kuma tsufa ba."

"To Yallaɓai, me ya sa ake tambayata laifin wa?"

"Jiya da maigadi ya ce mana ai wata ta zo da rana, na sa yaron nan ya kira ta a gabana. Tana magana yana pardon, tana magana yana pardon. Can ya ce min layi ne ba kyau, ya kashe. Ni ba na jin Faransanci, amma na san fuskar mutumin da bai gane abin da ake gaya masa ba. Da mai karɓar baƙi na otal ɗinta muka ƙarasa maganar. Ta yarda za ta sake zuwa yau, kafin ta wuce filin jirgi."

"Alhamdu lillahi."

"Ke za ki fassara. Shi zai zauna kusa da ni."

"To."

"Zan ba ta haƙuri. Zan ce kuskuren fassara ne. In ta tambayi na wa, naki ne."

Na dube shi. Shi biro yake kallo.

"Yallaɓai, da bakinka yanzu ka ce ka san na faɗa."

"Na sani, kin sani, Allah ya sani. Bai ishe ki ba?"

"Matar ba ta sani ba."

"Matar jirgi za ta hau."

"Da sunana a bakinta."

Ya ja dogon numfashi.

"Uwar yaron nan ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Na riga na gaya mata ɗanta ne zai riƙe wannan aikin, ita kuma ta gaya wa dangi kaf. In matar nan ta ji shi ne, ba za ta yarda ya taɓa mata ko bangon littafi ba. Da wane ido zan shiga gidan yayata? Ke kuwa yarinya ce, gaba gare ki. Ki koma ɗakin ɗinkin littafi na ɗan lokaci, in magana ta kwanta ki dawo teburinki."

"In dawo in fassara wa wa? Yallaɓai, mai inji ko an kore shi aikinsa na nan, duk wanda ya ga bugunsa ya san ya iya. Tafinta ba shi da abin nunawa. In aka ce ya taɓa mai da rana dare, shi ke nan, ko gaisuwa ya fassara sai an nemo wani ya duba."

"Kin cika tsawaita magana."

"In na ƙi fa?"

"Ƙofa a buɗe take."

"Yau kuma? Jiya aka neme ta a buɗe."

Bai yi murmushi ba.

"Ki kuma tuna ba ke kika kawo kanki gidan nan ba. Wanda ya kawo ki, yaransa nawa yanzu? Huɗu ko?"

"Biyar."

"Allah ya raya. Tashi ki je ki wanke fuskarki."

Ban yi kuka ba, kada wata ta rubuto min tana cewa ta tausaya. Fuskata ba abin da ya same ta. Amma na shiga banɗaki na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwan yana zuba.

Na haɗiye ranar da Mushe ya tsayar da ni a gaban masu kawo mana takarda ya ce in maimaita harafin r, wai nawa na 'yan talla ne. Na haɗiye ranar da na kai wa Darakta fassarar kundin samfuranmu, Mushe ya canza waƙafi biyu ya ce ya gyara daga farko zuwa ƙarshe. Na haɗiye Madam Alo, har masinja ya fara kirana da shi. Duk wannan wulaƙanci ne, wulaƙanci kuwa in ka kwana ka tashi yana raguwa. Amma yau ba a ce in yi shiru a zage ni ba. An ce ni in buɗe baki in zagi kaina, da yaren da na ba ƙuruciyata na koya, don kada gyalen wani ya karkace.

Da na fito, Baba Maigadi na tsaye a lungun ɗakin ajiyar takarda, hularsa a hannu.

"'Yar nan, korata za a yi?"

"Wa ya ce maka, Baba?"

"Ni fa baturiya aka ce min. Mushe da kansa ya ce baturiya ce za ta zo da dare, kada in bar kowa ya shiga ya ɓata shara. Wannan kuwa baƙa ce kamar ni da ke, da furfurarta da sandarta. Na ɗauka katin biki ta zo a buga mata. Tana ta yare, ina ta nuna mata kwaɗo."

"Ko wurin zama ba ka ba ta ba?"

"Haba, na ba ta bencina. Ta ɗan zauna, ta duba agogo, ta ɗaga min hannu ta tafi." Ya matso ya rage murya. "Ashe baƙaƙe ma suna da Faransancin kansu, har su taho da shi daga Kanada?"

"Suna da shi, Baba. Sun ma fi masu shi yawa."

"To ni ina na sani."

"Ba kai za a kora ba. Sa hularka."

Ɗakin taronmu bangonsa ɗaya gilashi ne, yana kallon ɗakin inji, don baƙi su ga ana aiki. Rana ta fara ɗagawa motar otal ta tsaya, Baba ya wangale ƙofa har tana bugun bango.

Gajeriya ce, tabaranta rataye da igiya a wuya, tana dogara sanda tana ɗan ɗingishi. Ba ta yi kama da mai fushi ba. Ta yi kama da wadda ta gama fushin tun jiya, ta zo ganin abin da za a ce.

Darakta ya miƙa hannu ya nuna Mushe.

"Ki ce mata wannan ɗan yayata ne, a Paris ya yi karatu, shi zai kula da aikinta."

Na faɗa.

Mushe ya ɗan rusuna, ya saki jawabin maraba. Gaskiya ɗaya ce, jawabin ya yi kyau. Ya iya Faransancinsa, ban taɓa cewa bai iya ba. Matar ta bari ya kai aya, sannan ta amsa da bakin mutanen Kanada, wanda yake tauna wasula ya haɗe kalma uku ta koma ɗaya.

"Oui, oui," in ji Mushe, yana murmushi.

Ta tsaya tana jira. Shi ma ya tsaya yana murmushi.

Cewa ta yi ko akwai kujera mai hannu, ƙugunta ba ya son irin waɗannan. Na fita na ɗauko ta ofishin Darakta na kawo mata.

Ta zauna, ta ɗaga kai ta dube ni.

"Ke a ina kika koyi jin bakinmu?"

"A waya, Madam."

Ta yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

"Ni a Haiti aka haife ni, a Montreal na tsufa. In na je Paris na tambayi hanya, da Ingilishi suke ba ni amsa."

"Me take cewa?" in ji Darakta.

"Ta ce a Haiti aka haife ta."

"Madalla. Ki ce mata mun ji daɗin zuwanta."

Na faɗa.

Ta bayan gilashi na hango Yaya a gefen injinsa, yana jera takarda, amma idonsa na kanmu.

Darakta ya gyara zama, ya haɗa hannayensa a kan tebur.

"Ki ce mata muna ba ta haƙuri a kan abin da ya faru jiya. Ba halin gidan nan ba ne."

Na faɗa. Matar ta gyaɗa kai.

"Ki ce mata kuskure aka samu wajen fassara saƙonta."

Na faɗa. Wannan ai gaskiya ce.

"Ki ce mata an ɗauka da dare take nufi."

Na faɗa. Wannan ma gaskiya ce.

"Ki ce mata kamfani ya ɗauki mataki, ba za a sake ba."

Na faɗa. Ga ruwa a gabana, ban taɓa ba.

Matar ta sa tabaranta. Ta dubi Darakta, ta dubi Mushe, ta dawo kaina.

"Ni ba haƙuri na zo karɓa ba," ta ce. "Littattafaina yara ne za su karanta, a Dakar da Yawunde da Kinshasa da ƙauyukan Haiti. In na rubuta kalma yadda yaran suke faɗarta, ba na son wani ya zauna a nan ya gyara min ita don a ganinsa ba daidai ba ce. Saboda haka ina son in san wanda ya ji na ce rana, ya yanke cewa dare nake nufi. Wane ne?"

Na juya na mayar wa Darakta da Hausa, ban rage komai ba.

Mushe ya ɗauki kofin ruwa.

Darakta bai dube ni ba. Tebur ya duba.

"Ki ce mata ke ce."

A daidai lokacin ƙarar injin ta tsaya. Ban san ko takarda ce ta ƙare ba, ko Yaya ne ya kashe. Na dai gan shi tsaye, tsumma a hannu, yana girgiza min kai a hankali. Na san ma'anar girgizar. Yara biyar, da Umma, da hayar da ba ta jiran kowa. Na kuma san in na furta kalmar nan guda, zan ji ta a bakina duk ranar da na buɗe shi zan yi Faransanci, har in mutu.

"Ina jiranki," in ji Darakta.

Na juya ga matar. Na daidaita muryata kamar yadda nake yi wa mai zagi a waya.

"Madam, ya ce in ce miki ni ce."

Kofin Mushe ya bugi haƙorinsa. Bakina ba na Kanada ba ne, ya ji ni sarai.

"Kin faɗa?" Darakta ya tambaya.

"Na faɗa, Yallaɓai. Yadda ka faɗa min, haka na faɗa mata."

"Madalla."

Ya saki numfashi, har ya fara jawo samfuran littattafai zai nuna mata.

Matar ba ta kalli samfuran ba. Ta cire tabaran a hankali ta sake shi a ƙirjinta. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Mushe, ta yi magana kalma ɗaya bayan ɗaya, a rarrabe, da irin Faransancin da ake karanta labarai da shi, yadda ba zai ce layi ba kyau ba.

"Saurayi. Kai da ka yi karatu a Paris. Fassara wa kawunka abin da yarinyar nan ta gaya min yanzu."

Darakta ya dubi matar, ya dube ni.

"Me ta ce kuma?"

"Ba da ni take ba, Yallaɓai. Da shi take."

Ya ajiye samfuran. Ya juya ga ɗan yayarsa.

"Ina jinka."